Hawan Dutse, Daga Dala Har Azbin

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Fagge ko Sabon Gari, nemi wurin da benaye ba su tare maka gani ba, ka fuskanci birni. Za ka hangi wani jan tudu mai shimfiɗaɗɗen kai ya ɗago bisa rufin gidaje. Dala ke nan. Akwai mutane da yawa waɗanda aka haifa a gindinsa, suka girma, suka yi furfura, ba su taɓa taka kansa ba. In ka tambayi ɗayansu dalili, sai ya ce maka, "Me na ajiye a can?" Ba mu ga laifinsa ba, gama kakanninmu ba su hawan dutse sai da dalili, ko gudun yaƙi, ko farauta, ko neman tama, ko bauta irin ta mutanen da. Amma yanzu a ƙasashe da yawa mutanen birni su kan ware yini guda su fita da ƙafa, su bi duwatsun da ke kusa da garinsu, don motsa jiki da buɗe ido kawai. Turawa suna da kalma guda ta irin wannan tafiya. Mu masu aikin fassara in mun iske ta cikin takarda sai mu tsaya muna cizon alƙalami, don Hausa ba ta tanadi suna ba ga tafiyar da ba ta fatauci ba ce, ba ta zumunci ba, ba ta aike ba. Sai dai mu ce yawon dutse, mu wuce.

Abin da na ke so ka gane cikin wannan ɗan littafi shi ne, yawanci ba tsawon dutse ke halaka mai hawa ba. Rana ce, da ƙishirwa, da kaɗaici, da gaggawar sauka. Maganin waɗannan kuwa ana iya koyonsa a kan ƙaramin dutse na ƙofar gida, tun mutum bai fuskanci manyan duwatsun hamada ba.

Dala

Masu awo sun ce kan Dala ya ɗara bakin teku da ƙafa 1,753, watau mita 534. Kada wannan lissafi ya tsorata ka. Ƙasar Kano ita kanta tudu ce, tana bisa teku da ƙafa fiye da 1,500. Saboda haka abin da za ka hau, daga gindi zuwa kai, bai cika ƙafa 200 ba.

In ka matso kusa za ka ga ba irin baƙin dutsen nan ba ne mai santsi. Kansa marmara ce ja, mai ramuka ƙanana. Ga yadda ya samu. A wani zamani mai nisa ƙwarai, fuskar ƙasar nan duka tana can sama, daidai da kan Dala. Ruwan sama ya yi ta wanke ta shekara da shekaru, yana kwashe mai taushi yana kai wa rafuka. Amma inda marmara ta yi kauri, sai ta zama kamar murfi, ta kāre ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ko'ina ya zaizaye ya yi ƙasa, wurin nan ya tsaya. Shi ya sa kan Dala ya ke a shimfiɗe kamar faifai, haka kuma na ɗan'uwansa Gwauron Dutse. Ka riƙe wannan bayani, za mu komo kansa.

Jan nan da ka ke gani kuwa tsatsa ce, gama akwai ƙarfe cikin marmara. Ƙarfen nan shi ya fara jawo mutane wurin. Masu binciken kayan tarihi sun sami alamun wuraren narka tama a Dala, awonsu ya nuna tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya a ke wannan sana'a a nan. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ce Dala sunan mutum ne, shi ya fara zama bisa dutsen. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, wanda ya ke shugaban masu bautar Tsumburbura. Bayansu Bagauda ya zo, bisa lissafin da aka saba bi a shekara ta 999. Jikansa Gijimasu shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Ka ga ke nan birnin a gindin dutsen ya tsiro, kamar yadda 'ya'yan ayaba ke fitowa a gindin uwarsu.

Daga Fagge hanyar ba wuya. Ka shiga birni ta Ƙofar Mazugal, ka miƙa yamma kana tambaya. Tafiyar ƙasa ce da ba ta kai sa'a guda ba ga mai lafiya. Shawarata ita ce ka tafi da ƙafa, kada ka hau abin hawa, don jikinka ya yi ɗumi kafin ka iso gindin dutse. Ka tashi bayan sallar asuba. In ka yi haka za ka kai sama rana tana fitowa, ka sauko hantsi bai yi zafi ba. Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka hau da dare. Da ka iso ka gai da dattawan unguwa da ka tarar, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. Da ɗan gari a kan ci gari, su ne kuma za su nuna maka inda matakala ta ke, gama an gina matakala ta siminti har sama.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Kai da ka ke tafiya daga Fagge har Kurmi ba ka ji kome ba, kafin ka yi rabin matakalar nan za ka ji numfashinka yana sama sama, zuciyarka tana dukan ƙirji. Ba ciwo ba ne. A kan sarari ƙafafunka tura ka gaba kawai su ke yi. A kan dutse kuwa, kowane taki sai sun ɗaga nauyinka duka, kamar ɗan dako da ya ke ɗora buhu bisa mota. Naman jiki in yana aiki mai nauyi ya kan bukaci iska da yawa, jini ne ke kai masa, shi ya sa huhu da zuciya su ke gaggawa. Dabarar ita ce ka gajarta taki, ka tafi a hankali yadda za ka iya magana da abokin tafiyarka ba tare da haki ya yanke maka zance ba. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa, tsaya ka huta. Samari su kan yi tsere su wuce dattijo a gindi, shi kuwa ya iske su zaune a tsakiya suna haki, ya yi musu sannu ya wuce. Amma in ka ji ƙirjinka yana matsewa da zafi, ko jiri ya ɗebe ka, wannan wani abu ne dabam. Zauna, sa'an nan ka sauka, ka nemi likita.

Abin da a ke gani daga sama

Don me mai hawa ya ke ganin nesa? Domin duniya a dunƙule ta ke kamar lemo. Mutum a tsaye cikin fili, ko babu itace ko ɗaya gabansa, ba ya ganin ƙasa fiye da mil 3, daga nan ta lanƙwashe ta ɓace masa. In ya hau ƙafa 150, ganinsa zai kai wajen mil 15. Ka lura, ninka hawa ba ya ninka gani. Wanda ya ke so ya ga ninki biyu, sai ya hau ninki huɗu.

Amma wannan lissafi sai iska tana garau. Cikin hunturu, watau Disamba da Janairu, hawan da daɗi don sanyi, sai dai hazo ya kan rufe gari har ka kasa ganin ganuwa. Da bazara, Maris da Afrilu, zafi ya kan kai awo 40 a ma'aunin zafi, ba lokacin hawa ba ne sai da sassafe. A ganina babu kamar kaka, Oktoba da farkon Nuwamba, sa'ad da ruwa ya wanke sama ya ɗauke, hazo kuwa bai sauko ba tukuna.

In ka sami irin wannan safiya, ka dubi kudu. Ga kasuwar Kurmi, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga Gidan Rumfa da itatuwansa. Ka juya gabas ka nemi Fagge inda ka fito, da Kantin Kwari, da Sabon Gari a bayansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a sa'an nan duk wajen nan fili ne da gonaki, sai 'yan gidaje. Can wajen ne daga baya aka riƙa tara buhunan gyaɗa tsibi tsibi, mutane suna ce musu dalar gyaɗa. Yanzu babu su, sai a hoto. Wajen arewa maso gabas za ka ga jiragen sama suna sauka a filin Malam Aminu Kano. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. Ka nemi ganuwa kuma. Nemanta za ka yi, gama ta rushe a wurare da yawa, gidaje sun haye ta, birni ya tsallake ta ta kowace fuska har iyakar ganinka.

Wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano cikin Fabrairu 1851. Ya hau Dala ya zana hoton birnin daga nan, da soraye, da bukkoki, da dabino, da filaye a cikin ganuwa. Ya ƙiyasta mazaunan garin 30,000. Yau miliyoyi ne. Ka riƙe sunan mutumin nan, yana da labari a gaba.

Rana guda a shekara Dala ya kan cika maƙil. Ita ce ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, sa'ad da Kanawa, yawanci yara da samari da 'yammata, su ke hawa cikin ado. Abin sha'awa ne, amma wanda ya ke koyon hawa ya zaɓi wata rana. Cikin turmutsutsu ba kai ke zaɓen inda za ka sa ƙafa ba. Mai ƙaramin yaro kuwa ya riƙe hannunsa, kada ya bar shi ya matsa baki.

Sauran duwatsun kusa

Gwauron Dutse yana yamma da Dala, a cikin ganuwa. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka gina matarar ruwan famfo a kansa. A kan turo ruwa daga Challawa a hau da shi can, shi kuma ya gangaro da kansa cikin bututu ya shiga gari. Tun da ya ke wurin aikin hukuma ne, sai ka nemi izini. Akwai kuma Magwan wajen Nasarawa, da Fanisau a arewa, inda wani Baturen Birtaniya, Clapperton, ya je ya gai da Sarki Ibrahim Dabo a 1824.

In ka yi nisa kaɗan, wajen Rano, ko Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kufena ta Zariya, dutsen ya sāke. Waɗannan manyan falalen duwatsu ne masu tauri, wasu a ɗore bisa wasu. A bushe ƙafa tana kama su da kyau, amma in ruwa ya taɓa su sai su yi santsi kamar an shafa sabulu. Da tsakar rana kuma su kan yi zafi har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansu. A nan ne za ka kula da abokan zama. Kada ka zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse inda idonka bai gani ba, gama wurin kwanan kunama ke nan da kububuwa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da hanzari. Ƙudan zuma ma su kan yi saƙa cikin tsagar dutse. In ka ji gunjinsu, koma da baya shiru. In kuwa hadari ya taso kana sama, sauka nan da nan, don aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. Kafin ka nufi dutsen da ke cikin daji, tambayi dagaci ko hanya lafiya, ka bi abin da ya faɗa maka.

Azbin

Kai mutumin Fagge kana da dangantaka da duwatsun da suka fi waɗannan duka, ko ba ka sani ba. Unguwarku tun da can zango ce. Nan bayan ganuwa ayarin Azbinawa ya kan sauke raƙuma, da gishirin Balma da dabino, su sayi hatsi da baƙin yadi na marinar Kano su koma. Ƙasarsu tana arewa, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Daga Kano a bi ta Damagaram, a ratsa Damargu, a kai Agadas, tafiyar mil fiye da 400. Agadas birni ne na bakin hamada, mai doguwar hasumiya ta ƙasa wadda tsawonta ya kai mita 27. Daga arewacin birnin duwatsun Azbin su ke farawa, ƙanana tukuna, sa'an nan manya, baƙaƙe ƙirin, sun miƙa tafiyar kwanaki.

Mafi tsawo cikinsu yana kan tudun Bagzan, mita 2,022, watau ƙafa fiye da 6,600. Babu wurin da ya kai shi tsawo a Nijar duka. Garin Agadas kansa kusan daidai ya ke da kan Dala, saboda haka mai hawa Bagzan zai ƙara wajen mita 1,500 bisa wannan. Iska kuwa tana ƙara sanyi yayin da a ke hawa, wajen awo 6 ga kowace mita 1,000. Shi ya sa mutum ya kan tashi daga gindi yana gumi, ya kwana a sama yana rawar ɗari, har wani dare cikin hunturu ruwa ya kan daskare. Akwai ƙauyuka a can bisa, da lambuna, mutanensu suna hawa da sauka da jakuna ta ƙananan hanyoyi. A cikin kwaruruka kuma akwai garuruwa kamar Timiya, inda a ke noman lemo da rumman a tsakiyar duwatsu. Akwai ragon dutse, da zanen dabbobi da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsu, har da raƙuman dawa biyu na Dabus, babban ya fi mita 5. A 1991 aka sa wani yanki na Azbin da hamadar Tenere cikin wuraren da duniya ta yarda a kiyaye. Amma ƙasar ta sha tashin hankali, daga 1990 zuwa 1995, da kuma 2007 zuwa 2009, an ma binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Ba wurin da baƙo zai shiga ba ne sai da izinin hukuma da jagora ɗan ƙasa.

Maganar jagora ta komo da mu ga Abdulkarim. Kafin ya iso Azbin, cikin Yuli 1850, ayarinsu ya yi kusa da Gat, a ƙasar Libiya ta yanzu. Nan akwai wani dutse, Idinen, wanda Buzayen wurin su ke cewa gidan aljannu ne. Ya nemi mai raka shi, kowa ya ƙi, suka gargaɗe shi. Sai ya tashi shi kaɗai da safe, da 'yar salka da busasshen guzuri. Dutsen da ya ke gani kamar kusa, ashe da nisa, ga kwaruruka a tsakani waɗanda ba a gani daga zango. Ya kai sama da ƙyar, a gajiye, rana ta take. Ruwansa ya ƙare, guzurin ya ƙi haɗiyuwa don bushewar maƙogwaro. Da ya sauko sai hanya ta ɓace masa. Ya harba bindiga, ba wanda ya amsa. Ya kwana a gindin itace, gari ya waye rana ta sāke buɗewa a kansa, har ƙishirwa ta sa ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Sai wajen maraice wani Buzu da ya bi sawunsa ya same shi kwance, rai a hannun Allah, ya yayyafa masa ruwa, ya ɗora shi bisa raƙumi.

Mutumin nan ba rago ba ne, ba jahili ba. Ya yi shekara biyar yana yawo a ƙasashenmu, ya je Barno, da Sakkwato, da Tambutu, ya koma gida da ransa a 1855. Dutsen ma bai kā da shi ba, bai karya masa ko yatsa ba. Ya tafi shi kaɗai, ya raina nisa, ya auna ruwansa da tafiya bai auna da dawowa ba, rana kuma ta same shi a fili. Su kuwa Buzayen, ko me suka ce game da aljannu, sun san abin da dutsen nan ya ke yi wa mutane.

Ruwa

Bari mu tsaya a kan ruwa, gama shi ne babba. Jikin mutum yana sanyaya kansa da gumi, kamar yadda randa ta ke sanyaya ruwa da tsattsafowar da ta ke yi. Mai hawa cikin zafi ya kan zubar da gumi lita guda a sa'a guda, wani ma fiye. A Kano da damina kana ganin gumin, riga ta jiƙe. A hamada kuwa iska busasshiya ce, tana shanye shi tun bai taru ba, sai mutum ya ga jikinsa a bushe ya yi tsammani ba ya asarar kome. Haka hunturu ya ke yi mana a nan. Don haka ba a jiran ƙishirwa. A sha kaɗan kaɗan tun daga gindi. Alamar da ba ta ƙarya ita ce fitsari. In ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwan jiki ya ragu.

Ga doka wadda madugai suka sani tun kafin a rubuta ta: in rabin ruwanka ya ƙare, tafiyarka ta ƙare, juya, ko da kana ganin ƙololuwa gabanka. Dutse ba ya tashi, gobe yana nan.

Gumi yana fita da gishiri, shi ya sa jijiyar ƙafa ta kan ɗaure. Ka ɗauki abin taɓawa mara nauyi, dabino, ko ƙuli-ƙuli, ko kilishi kaɗan, sai dai kilishi yana ƙara ƙishirwa. Azbinawa su kan dama gero da cuku da dabino, abinci da abin sha ke nan a haɗe, furarmu ma ba ta da nisa da wannan. Tufafi kuwa, dubi Buzu. Ba ya tuɓe riga don zafi, rufe jiki ya ke yi da yalwataccen yadi, ya naɗa rawani ya ja amawali. Kai ma sa riga mai sakin jiki da malafa. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, wanda ka saba da shi. Silifa da sabon takalmi duka a bar su gida.

In ka ga abokin tafiya ya fara ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, kai shi inuwa, ka ba shi ruwa a hankali. In da hali a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda. In kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda ya ke ba, jikinsa ya yi zafi rau, to, rana ta buge shi, ransa yana cikin haɗari. A jiƙa shi da ruwa ko'ina, a yi ta yi masa fifita, a nemi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Wannan bayani ya shafi alhazanmu ma, gama Makka birni ne a tsakiyar duwatsun hamada, da yawa kuma su kan so su hau Jabalun Nur su ga kogon Hira, ko da ya ke malamai sun ce hawan ba ya cikin ayyukan hajji. A hajjin 2024 zafi ya wuce awo 50 a Makka, hukumar ƙasar ta ce mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu sun yi doguwar tafiya da ƙafa cikin rana ba inuwa.

Abin mamaki, ruwan da rashinsa ke kisa a hamada, yawansa ma yana kisa. Abin da ke sauka a Agadas shekara guda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Kano ba. Amma in ya sauka bisa duwatsu, babu ƙasa ko ciyawa da za ta shanye shi, sai ya taru cikin kwari ya gangaro gaba ɗaya, da duwatsu da itatuwa. Mutum yana zaune cikin busasshiyar ƙorama, ga rairayi mai laushi, ga inuwa, sama garau a kansa, sai ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa ya auko masa. A farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta cika haka, ta fasa madatsa, ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Saboda haka da damina ba a kwana cikin ƙorama, ko a Azbin ko a duwatsun Rano.

Sauka

Mai hawa ya kan yi tsammani in ya kai sama aiki ya ƙare. Saura rabi, rabin kuwa da ya fi yawan faɗuwa. Ƙafafu sun gaji, hankali ya koma gida, nauyin jiki yana tura ka gaba, gwiwa ce ke tare shi a kowane taki. Ka sauko da gajeren taki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda ya yi tsaye da yawa, juya ka fuskanci dutsen ka kama da hannu. Sanda tana taimako, babu kunya cikin riƙe ta. Kada ka bi bayan wani daf da daf a wurin da tsakuwa ke gangarowa. Asibitin ƙashi na Dala yana nan kusa, wajen Ƙofar Ruwa, ya fi kyau ka hange shi daga sama da a kai ka cikinsa a kwance.

A Dala kuma ka sauko ta matakalar da ka hau, kada ka yanke ta gefe. Ka tuna da murfin marmara da muka ambata. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa mai taushi ce. Gidaje sun matso har jikin dutsen, an ɗebi ƙasa a gindinsa, ruwan damina ya yanka kwazazzabai a gefensa. Duk inda aka rarake ƙarƙashi, murfin ya kan rasa abin da zai zauna a kai, ya tsage, ya faɗo, a bisa gidajen mutane kuwa zai faɗo. Kowace sabuwar hanya da ƙafa ta buɗe a gefen dutsen, ruwa zai bi ta da damina ya faɗaɗa ta. Don haka kada ka tsaya a bakin gaɓa inda ka ga tsaga, kada ka ture dutse don wasa, ledar ruwan da ka sha kuma ka sa ta aljihu ka sauko da ita.

In ka hau Dala sau uku ko huɗu har numfashinka ya daidaita, sai ka ƙara nisa. Ka tashi daga Fagge, ka hau Dala, ka sauka ka miƙa gindin Gwauron Dutse, ka komo gida da ƙafa. Ka lura da yawan ruwan da ka sha, da sa'o'in da ka yi, ka rubuta su a takarda. Da wannan takarda za ka auna guzurinka ranar da za ka nufi Rano ko Kufena. Kafin ka fita kuma, ka faɗa wa mutanen gida dutsen da za ka, da wanda za ku tare, da lokacin da za su fara cigiyarka in ba ka komo ba.